Kaset Mai Baƙin Zare

Duk wanda ya taɓa sayen kaset a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san muryar nan da ke fara fitowa kafin kiɗa ya tashi. Murya ce mai kauri kamar ta mai mura, tana cewa: "Wanga kaset na wance ne, zuwa ga masu saurare." Yaran yanzu masu haɗa waƙa da na'ura har kwaikwayonta suke yi, wai salo ne. Salo! In na ji su sai in ji kamar in maka masu muciya. Ni ina tsaye cikin ɗakin ranar da aka fara faɗin kalmomin nan, kuma ba ranar daɗi ba ce.

Mai muryar shi ne Cha'ibu Mai Manyeto, Allah ya ji ƙansa. Ni Ramatu taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka ina da ikon tsokanarsa yana raye ko yana kabari, kuma ba zan fasa ba. Shekara goma sha ɗaya ni ke ja masa baki a waƙa. Abin da na faɗa a kansa da idona na gani.

A Urafane aka haife shi, gidan Kawu Na Allah, manomin da ko tafi ba ya son ji a ƙofar gidansa. An kai shi lakkwal a Tasawa, ya yi aji shida, sai farin farko ya zo, gida ya kasa aiko masa da gero. Ya ajiye kaye, littafin rubutunsa, ya nufi Maraɗi wurin wani mai gyaran radiyo. Bayan sojoji sun karɓi mulki da shekara biyu sai ga shi ya dawo, manyeto, na'urar ɗaukar murya, a ka, tsohuwar gitar a kafaɗa, ga wando mai faɗin ƙafa yana sharar titi. Na dube shi na ce, "Kai kuma daga wace lahira?" Ya ce, "Ke dai buɗe bakinki in ji ko zai yi waƙa." Ashe aikin da zan yi ke nan.

Shi kansa bai iya rera komai ba. In ya buɗe baki sai ka ce kwaɗo ya faɗa randa. Amma wajen tsara waƙa, tabɗi! Zai shiga kasuwa ya tsaya kusa da mai ƙosai tana faɗa da mai itace, ya dawo da baiti takwas. Abin da kunnensa ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan, har tarin mai maganar zai maimaita maka. Waƙarsa ta "Mai Jan Kallabi" babu bikin da ba a taka ta ba daga Atantane har Gazawa, kuma shi ya fara haɗa gitar da kalangu da gurmi a ƙasarmu, tsofaffi suna tsaki, ƙafafunsu suna motsi.

Wani ɗaki ne da shi bayan tasha, ya lulluɓe bangon da barguna da buhunan wofi don kada ƙarar motoci ta shiga. Zafi a ciki kamar tanda. Manyeto biyu ya jera a kan batirin mota. Mu rera cikin na farko, ya kunna mana shi mu sake rerawa tare da kanmu cikin na biyu, ya sake juyawa. Kafin azahar mu 'yan mata huɗu mun koma ashirin. Zakara ɗaya in ya yi cara, duk aikin ya lalace, Cha'ibu ya fita da takalmi a hannu yana bin sa.

Yana da wani aikin kuma. Mazajen ƙauyuka sun watse neman abinci, matan ba su iya rubutu ba. Sai mace ta zo ta zauna gaban mikoro ta faɗi abin da ke ranta, a ba direba kaset ya kai wa mijin. To ga inda girman kan taubashina yake: mutumin da ya yi aji shida, amma ba ya rubuta suna a kan kaset. Zare yake ɗaurewa a jikin kwalin, ja na waƙa, baƙi na saƙo. Na yi magana har na gaji. Na ce, "Cha'ibu, ga bik, ga takarda, mi zai ci ka?" Sai ya buga goshinsa ya ce, "Ga kayena nan." Wanda bai ji bari ba, ai zai ji hoho.

Sai fari na biyu ya zo, na tamanin da huɗu. Wanda bai gani ba kada Allah ya nuna masa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya ƙone tsaye. Iyaka kuma a rufe, ba hatsin kudu, ba sabon kaset. Cha'ibu ya koma cusa takarda cikin ramukan tsofaffin kaset yana ɗaukar sabon abu a kan tsoho. Makaɗinmu ya tafi, mai gurmi ya tafi, 'yan rawar samariya, ƙungiyar matasan gari, rabi sun bi iyayensu gari-gari.

Cikin bazarar da ta biyo aka kira shi ofis. Wani babban soja zai zo bikin samari, ana son sabuwar waƙa mai faranta rai. Ya dawo ya rufe ɗaki kwana biyu, ya fito ya ce sunan waƙar "Rumbu Ya Cika."

Na ce, "Rumbun uban wa?"

Ya ce, "Ramatu, rage murya. Mai kaki ya ce a yi, ke za ki ce a'a? Kuma an ce duk wadda ta yi rawa za a auna mata dawa."

Ba zan yi ƙarya don in wanke kaina ba, da na ji zancen dawa na yi shiru. Na rera. Tun da 'yan matan ba su da ƙarfin ɗaga murya a fili, ya ce za mu ɗauka a kaset, ranar biki a saka a oparlar, wato lasifika, mu kuwa mu yi rawa muna motsa baki. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, waƙar ta yi daɗi. Wallahi ta yi daɗi.

Ana saura kwana uku biki, ranar kasuwa, wata mata ta yi sallama a ƙofar ɗakin. Doguwa ce, wuyanta duk jijiya, ga ɗiya goye wadda ta isa tafiya amma kanta na lilo. Ta ce sunanta Hawwa, daga wani ƙauye arewa da Isawane, kwana biyu tana hanya, wani wuri a ƙasa wani wuri a amalanke. Mijinta Mumuni yana Arlit yana ga-ruwa. Ƙadri mai kamiyo, babbar motar kaya, shi ne ya kai shi, shi kaɗai ya san inda yake kwana, kuma an ce mata jibi Ƙadri zai tashi.

Na dama mata ɗan abin da ke gare mu, ta ɗura wa ɗiyar duka, ita ta lashe ludayin. Cha'ibu ya zaunar da ita, ya ce ta matso kusa da mikoro, ya danna. Ta dubi abin, ta dube mu, sai ta fashe da dariya. Dariya mai daɗi, irin ta yarinya, ban san inda ta samo ta cikin wannan jiki ba. Ta ce, "Mumuni, ka gan ni ina magana da akwati kamar mahaukaciya." Sannan ta gyara zama ta faɗi abin da ya kawo ta. Ni dai fita na yi kafin ta gama, don ba zan iya ba.

Na ce ta zauna Tasawa wurinmu har mijin ya zo. Ta ce uwar mijinta na can ba ta iya tashi, wa zai ba ta ruwa? Ta gyara goyonta ta juya. A bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah ya isa hannunsa kafin azumi." Cha'ibu ya ɗaura baƙin zare a gabanta ya ce, "Ki ɗauka ya isa." Azumi saura wata guda da 'yan kwanaki.

Ranar da Ƙadri zai tashi, Cha'ibu ya fiddo kaset biyun yana gwada sautinsu, na waƙar da na Hawwa, duka farare, duka tsofaffi. Ƙadri yana tasha yana danna oda kamar zai tsaga gari. Cha'ibu ya mayar da su cikin kwalaye da sauri, ya miƙo mani mai baƙin zare ya ce, "Ruga ki kai masa." Na ruga na kai. Ƙadri ya jefa shi aljihu, kamiyo ya tashi.

Washegari da hantsi fili ya cika. Ga rumfa, ga kujeru, ga sufurefe mai mulkin gari da hakimai, ga babban sojan a tsakiya da baƙin tabarau, sanda a kan cinya. Mu goma sha biyu muka jeru cikin atamfa iri ɗaya, an shafa mana hoda don kada a ga ramarmu. Muka ɗaga hannuwa muna jiran kalangu ya tashi. Cha'ibu ya kwance jan zare, ya saka kaset, ya danna.

Sai dariyar mace ta cika filin.

"Mumuni, ka gan ni ina magana da akwati kamar mahaukaciya."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Ni kuwa nan take na gane muryar. Innalillahi! Na waiga wajen Cha'ibu in ga ya kashe. Yana tsaye baki buɗe, hannunsa a sama, ya bushe kamar itace. Wani ma'aikaci ya taso a guje zai fizge waya, sai sojan ya ɗaga sandarsa kaɗan. Mutumin ya tsaya cak.

Hawwa kuwa tana ta magana, a hankali, oparlar na kai ta har bakin kasuwa.

"Ina gaishe ka, ina gaida mutanen ɗakinku. Saniyar nan ta mutu tun sanyi. Awakin ma babu. Rumbu na shiga da kaina na share shi da tsintsiya, abin da na samu bai cika ƙwarya ba. 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa mu ci, su ma sai an yi nisa. Na tona gidan tururuwa sau biyu, kada ka faɗa wa kowa. Hatsin taimako muna jin labarinsa, ba mu gan shi ba. Inna ba ta tashi. Safi ta bar tahiya, ta koma goyo. Kada ka aiko da komi, Mumuni, kai nike so ka zo ka ɗauke mu. In azumi ya kama ba ka zo ba, ban san wa za ka iske ba."

Ka san filin da ya ɗauki mutum dubu, amma ka ji kukan akuya daga wata unguwa? Haka aka yi. Mu 'yan rawa hannuwanmu na sama har yanzu, babu wadda ta tuna ta sauke. Wata tsohuwa a bayan igiya ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka, sai mata suka kama. Hakimai kowa ya sunkuyar da rawani. A zamanin nan ko a ɗakinka ba ka cewa ana yunwa sai ka leƙa waje, ga shi an faɗa a oparlar, gaban mai kaki, da rana tsaka.

Kaset ya ƙare ya yi ƙas. Sojan ya miƙe ya shiga mota. Kafin mu sauke hannu masu kaki biyu sun riƙe Cha'ibu, na uku ya zare kaset ɗin ya sa aljihu. Takalminsa ɗaya a filin ya bari, ni na tsince shi.

Abu guda suka yi ta tambayarsa: wace ce matar, wane ƙauye? Ya ce bai sani ba. Mutumin da ba ya manta tarin mai ƙosai! Tsoro yake kada a je a ɗaure ta. Daga baya wasu suka ce sojan so ya yi ya aika masu da hatsi, wasu suka ce kama ta za a yi. Allah ne masani. Wannan tambaya ta ci Cha'ibu har ya mutu.

Gari kuwa ya gudu daga gare mu. Waɗanda ke rawa da waƙarsa jiya, in sun hango ni sai su canza hanya. Sai da ya yi kwana ashirin da uku aka bar ni na kai masa fura. Na same shi ya rame, gemu ya fito, ina shirin yi masa faɗa, sai ya riƙe hannuna ta tsakanin ƙarfe ya ce, "Ramatu, in nata ne aka saka a fili, mi Mumuni ya samu?"

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Kwana ashirin da uku ina kukan taubashina, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni da hannuna na kai wa Ƙadri "Rumbu Ya Cika."

Daga nan tasha na nufa da gudu, kallabi a hannu. Ƙadri bai dawo ba, an ce kamiyonsa ya lalace a Agadas yana jiran ƙarfe. Na bi direbobi ɗaya-ɗaya ina roƙo. Wani ya ce, "Hajiya, Mumuni mai ga-ruwa a Arlit? Sun fi talatin." Duk da haka na ba mutum uku saƙon baki. Na nemi wanda zai je ƙauyen Hawwa, sai na tarar ko sunan ƙauyen ban riƙe ba, arewa da Isawane kawai na sani, ba a kuma sake barina na ga Cha'ibu in tambaye shi ba, kuma ina tsoron yawan tambaya ya kai masu kaki gare ta. Azumi ya kama ina kirga kwanaki. Aka sha ruwa talatin, aka yi salla.

Bayan salla da kwana biyu suka sako Cha'ibu, ba tare da sun ce masa komai ba. Washegari ya hau motar Mayahi, daga can ya bi amalanke. Kwana huɗu ya dawo. Ban tambaye shi ba, fuskarsa ta gaya mani. Tsohuwar ce ta fara rasuwa, Hawwa ta bi ta cikin goman ƙarshe na azumi. Ɗiyar tana hannun maƙwabta da rai, don duk abin da uwar ta samu ita take ba.

Ya rufe ɗakin bargunan. Ruwa ya sauka, damina ta yi kyau kamar ba a taɓa fari ba, shi ko manyeto ba ya kallo.

Gero ya fara fidda kai, wata safiya ina share masa ƙofar ɗaki yana zaune a kan benci, wani mutum ya yi sallama. Siriri, kafaɗunsa sun yi kanta, ga yarinya a wuyansa. Na gane yarinyar kafin ya faɗi sunansa. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na ce yau za a yi kisa a gidan nan, kuma ban ga laifinsa ba.

Mumuni ya zauna a ƙasa. Ya fiddo kwali mai baƙin zare daga aljihu ya ajiye tsakaninsu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, "Ƙadri ya ce mani ga saƙon matarka. Na ari radiyo, muka taru mu takwas 'yan ɗaki. Da na ji waƙa ce sai na ce, kun ji Hawwa da wayo, kunya ta hana ta magana, ta zaɓo waƙa ta gaya mani an samu sauƙi a gida, in kwantar da hankalina in yi aiki." Ya dubi Cha'ibu. "Malam, rawa na yi. Duk azumin nan in an sha ruwa ita muke sakawa. Ina da kuɗin mota a ɗaure a ƙugu tun kafin azumi."

Cha'ibu ya sauko daga benci ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Ni ne. Ba Ƙadri ba, ba kowa ba. Yi mani abin da ka ga dama."

Mumuni ya ce, "Mi zan yi maka? An ce duk Tasawa ta ji muryarta, ni kaɗai ban ji ba. Ba ni nata in ji."

Kaset ɗin kuwa yana can inda masu kaki suka kai shi, ba mu sake ganinsa ba har yau. Cha'ibu ya gaya masa. Mumuni ya miƙa hannu zai ɗauki ɗiyarsa.

Sai Cha'ibu ya ce, "Tsaya. Na riƙe shi duka a kaina."

Ya tashi ya buɗe ɗakin da ya yi wata biyu a rufe, ya haɗa batir, ya karɓi kaset ɗin waƙar ya cusa takarda a ramukan. Mutumin da bai taɓa yarda muryarsa ta hau kaset ba ya zauna inda Hawwa ta zauna, ya jawo mikoro, ya danna. Ya ce, "Wanga kaset na Hawwa ne, zuwa ga Mumuni." Sannan ya fara, da muryar nan tasa ta kwaɗo: "Ina gaishe ka, ina gaida mutanen ɗakinku. Saniyar nan ta mutu tun sanyi." Bai tsallake kalma ba. Inda ta tsaya ta ja numfashi ya tsaya, inda ta yi tari ya yi. Ina jingine da bargo ina kuka kamar raina zai fita. Mumuni kuwa ya rufe ido yana gyaɗa kai, in an zo wata kalma sai ya ce, "Haka take cewa."

Cha'ibu ya yi shekara ashirin da biyu bayan wannan yana aiki. Ya fitar da mawaƙa da yawa, wasu har Yamai aka san su. Bai sake tsara waƙar da aka yi masa oda daga ofis ba, in an aiko sai ya ce kansa ya toshe. Kowane kaset sai ya rubuta suna da bik ciki da waje, sannan ya faɗa da baki kafin kiɗa. Ciwon suga ya ɗauke shi a Tasawa, aka kai shi Urafane.

Amma ranar nan, da ya kai ƙarshe ya kashe manyeto, Mumuni ya karɓi kaset ɗin ya juya shi a hannu. Ya ce, "Mutanen tasha sun ce da dariya ta fara."

Cha'ibu ya ce, "Da dariya ta fara."

"To ba ka sa ba."

Taubashina ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake gwadawa, abin da ya fito ba dariya ba ce. Ya ce, "Ita kaɗai ce ban iya ba."

Mumuni ya sa kaset a aljihu, ya ɗora Safi a wuya, ya yi mana sai an jima.